Farfesan "wa ya san wa": karatu ne ko zaman majalisa da albashi?

Dan_Gujungu:
Assalamu alaikum jama'a. Masu boko a cikinmu ku taimaka min. Satin da ya wuce wani malamin jami'a ya sauka a garinmu da ɗalibansa, ta hannun dagaci. Ba magani suka kawo ba, ba taki ba. Gida-gida suke bi da takarda, tambayar kuma iri ɗaya ce: in dare ya raba, naƙuda ta kama iyalinka, kana neman dubu ashirin, ƙofar wa za ka buga? Faɗi mutum biyar. In ka faɗa sai su ce, to su biyar ɗin nan, wane ya san wane? Wa ya fara gaya maka riɗi ya yi kuɗi bana? Wa ya kai ka ci-rani karon farko? Na ja ɗaya daga cikin yaran gefe, ya ce malamin nasu tun yana saurayi aikinsa ke nan, da shi ya zama farfesa a ilimin zamantakewa. Abin da ya sa nake tambaya, ƙanena ya samu gurbin karanta wannan fannin, Baba kuwa ya ce sai dai a canza masa. Tsakani da Allah, mutum ya ƙare rayuwarsa yana rubuta wa ya san wa, karatu ne ko zaman majalisa ne da albashi?

Bala_Mai_POS:
In haka ne ai wanzamin garinmu ya daɗe da zama farfesa, hula ce kawai ba a ba shi ba. Ya san wanda ya ci bashin wa, ya san wanda zai yi amarya kafin uwargida ta ji.

Tsohon_Dalibin_BUK:
Wa alaikumus salam. Bala, wanzami ya san gari ɗaya, kuma abin da ya sani a kansa zai mutu. Bari in ba ku labarin mutum ɗaya da ya gina sunansa kan irin wannan tambayar, sai ku auna da kanku.

Sunansa Mark Granovetter, Ba'amurke ne, an haife shi a 1943. Tarihi ya fara karantawa, daga baya ya koma ilimin zamantakewa, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Harvard ya gama a 1970. Aikin da ya yi don digirin nan shi ne ya shiga wani gari da ake kira Newton a gefen Boston, ya riƙa tambayar mutanen da suka canza aiki kwanan nan: ta ina ka ji labarin aikin? Da yawa suka ce ta bakin wani. Sai ya ƙara tambaya, shi wanin, sau nawa kuke haɗuwa? A cikin mutum 54 da ya yi wa wannan tambayar, kashi 16.7 cikin ɗari ne kaɗai suka ce suna ganinsa a kai a kai, wato aƙalla sau biyu a mako. Kashi 55.6 suka ce jefi-jefi, kashi 27.8 suka ce sau ɗaya a shekara ko ma ba ya kaiwa.

Dalilin da ya kawo shi ne abin lura. Aminanka da 'yan gidanku, abin da ka ji shi suka ji, tunda tabarma ɗaya kuke zama, kasuwa ɗaya kuke ci. Sabon labari daga wanda ke zaune a wata majalisa daban yake zuwa, mutumin da gaisuwa ce kawai tsakaninku. Da ya fara aika rubutun nan wata babbar mujalla a 1969, ƙin bugawa suka yi. Sai a 1973 wata ta buga, yau kuma yana cikin rubuce-rubucen da aka fi ambata a fannin baki ɗaya. Ya koyar a jami'o'i da dama kafin ya zauna a Stanford a 1995. A 1985 ma ya sake wani rubutu da ya yi suna, inda ya ce ciniki ba a sarari yake faruwa ba, a cikin alaƙar mutane yake kwance.

Auwalu_Direba:
Wallahi maganar nan ta taɓa ni. Motar da nake ja yanzu, ba ɗan uwana ne ya haɗa ni da mai ita ba. Wani mai shayi ne a tashar Wudil, ranar Juma'a kawai nake ganinsa in na kai dabbobi, ko sunan garinsu ban sani ba. Ina cikin shan shayi ya ce, wani Alhaji yana neman direban da ba ya shan komai. Yayyena kuwa kullum muna tare, kullum addu'a suke min, amma ba su san kowa ba sai wanda na sani.

Kawu_Sale:
Ɗana na BUK, na karanta abin da ka rubuta har ƙarshe. To amma sai da Bature ya je Harvard kafin a gane haka? Iyayenmu sun ce sabo da maza jari ne. Sun ce zumunta a ƙafa take. Me ya ƙara a kai?

Tsohon_Dalibin_BUK:
Kawu, Allah ya ƙara girma. Iyayenmu kuma su suka ce naka sai naka. Karin magana kowane ɓangare yana da nasa, ba ya gaya maka yaushe wannan ke aiki, yaushe wancan. Ƙirgawa ce ke raba gardamar.

Injiniya_Babu_Aiki:
To bari in shigo nan, don ni wannan magana ba ta zauna min ba. A Amurka wataƙila jin labarin aiki ya wadatar. A nan wa bai san ana ɗaukar ma'aikata ba? Duk muna gani a waya. Na cike, na je tantancewa wata ma'aikata, muka wuni a rana, sunayen da suka fito ba ko ɗaya da na gani a layi. Mai shayi ba zai sa sunanka a takarda ba. Sai wanda zai iya shiga ofis ya ce yaron nan nawa ne, in bai samu ba ni aka hana. Wannan kuwa ba ɗan gaisuwa ba ne, jini ne ko ubangida.

Tsohon_Dalibin_BUK:
Injiniya, abin da ka faɗa wani ya riga ya gwada shi, kuma kai ya goya wa baya. Yanjie Bian, masanin zamantakewa ɗan ƙasar Sin, ya yi amfani da binciken da aka yi a birnin Tianjin a 1988, lokacin da hukuma ce ke raba aiki. Ya buga sakamakon a 1997. Abin da ya gani shi ne, inda jami'i ne ke yanke wa za a ba, ba labari ake nema ba, alfarma ake nema, alfarma kuwa ba a yi wa wanda ba a amince da shi ba, don mai yin ta yana sa wuyansa ne. Can sai alaƙa mai ƙarfi ta fi aiki. Ka ga ke nan aikin Auwalu da aikin da kake nema ba hanya ɗaya suke bi ba. Haka fannin yake tafiya, wani ya faɗa, wani ya je wata ƙasa ya gwada ya ce a'a, a nan ba haka ba.

Hajiya_Uwar_Adashi:
Ku maza kullum maganarku aiki da ofis. Dan_Gujungu, shi farfesan naku ya shiga cikin gida? Ko a zaure ya tsaya ya tambayi masu gida ya tafi? In a zaure ya tsaya, rabin garin ya gani.

Ni shekaruna da yawa ina riƙe da adashi. Kafin in karɓi mace ba na tambayar me take da shi, tambayata wa ya kawo ta. In ta kwashe ta daina zubi, wadda ta kawo ta ce za ta ji kunya, ita ce za ta je ta zauna mata a tsakar gida har sai kuɗi sun fito. Ga kuma biki. Kowace mace tana da littafinta, ko a takarda ko a ka. Ranar sunan ɗanki na kawo miki dubu biyu da sabulu, ranar aurar da 'yata ke kin san ba dubu biyu za ki kawo ba, sai kin ɗora. Haka zai yi ta hawa har ya yi wa ɗaya nauyi, sai a zauna a sauko da shi a sake farawa. Wadda aka yi mata ba ta rama ba, ba wanda zai yi mata faɗa. Ranar nata taron ne za ta ga tabarma babu kowa. Mazajenmu da yawa ba su san da kuɗin wa aka yi gadon 'yarsu ba.

Dan_Gujungu:
Hajiya, akwai mace ɗaya a cikin ɗaliban, ita take shiga. Umma ta ce ta fi awa a ɗakinta, har dambu ta ci.

Malama_Rabi:
Hajiya ta taɓo inda nake so. Cikin waɗanda suka yi wannan aiki a ƙasar Hausa, matan ne suka fi gano abin da ke bayan zaure. Polly Hill, Baturiyar Ingila, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, littafinta kan ƙauyen ya fito a 1972. Ta nuna cewa hatsi da abinci masu yawa a cikin gidaje ake cinikinsu, a hannun matan kulle, ba a kasuwa ba. Bayan nan ta yi aiki a Dorayi, lokacin tana karkara ce ta gonaki da manyan gidaje, wannan littafin kuma ya fito a 1977. Ku je Dorayi yau ku nemo gona. Enid Schildkrout daga Amurka ita kuma ta bi yaran Kano 'yan talla a shekarun 1970, ta nuna su ne ƙafafun iyayensu mata: su kai kaya, su karɓo kuɗi, su kawo labari.

Kafin su duka akwai Mary Smith, wadda ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, a 1949 zuwa 1950, ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta, aka buga a 1954. Ƙawance, biki, kishi, yadda ake ɗaukar riƙo, duk suna ciki. Mijinta M. G. Smith, haifaffen Jamaika, shi ya yi ta sarauta, littafinsa kan mulkin Zazzau ya fito a 1960, na Kano kuwa sai 1997, bayan rasuwarsa. Ni dai a wurina na matar ya fi daɗin karatu nesa ba kusa ba.

Bakano_Na_Asali:
Zazzau aka fara rubutawa saboda ba ta da wuyar ganewa. Kano sai da aka shekara talatin da bakwai ana tunani.

Dan_Zazzau_A_Ringim:
A'a, Kanawa ne suka ce sai an biya su kafin su amsa tambaya.

Alhaji_Mai_Shanu:
Ku bar wasa ku ji ta kasuwa. Ni ban yi boko ba, yaro ne ke rubuta min. Ranar Alhamis a Maigatari nake sayen shanu, in loda a tura kudu. Wanda zai karɓa a can ban taɓa sa hannu a takarda da shi ba. Mai masaukina ne, ubansa shi ya sauki ubana. Shi ya san mahaucin da za a ba bashi da wanda ba za a ba ba. In mahauci ya gudu, shi zai biya ni, don in bai biya ba, kafin sati ya zagayo duk Maigatari an ji, ba mai sake tura masa ko akuya. Dukiyar miliyoyi tana tafiya a kan mutunci. In wannan malamin yake rubutawa, to ba zaman banza yake ba. Amma ya sani ba za mu gaya masa komai ba.

Tsohon_Dalibin_BUK:
Ranka ya daɗe Alhaji, abin da ka zayyana shi ne littafin Abner Cohen kusan layi-layi. Haifaffen Iraƙi ne, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a 1962 zuwa 1963, littafin ya fito a 1969. Tambayarsa ita ce, ta yaya Hausawa suka riƙe cinikin shanu da goro tsakanin arewa da kudu ba banki, ba kotu, ba takarda? Ya ga masu masauki ne ginshiƙin abin, su ke saukar fatake, su ajiye musu kuɗi, su tsaya wa bashi, dillalai kuma suna ƙarƙashinsu. Ya kuma lura da yadda ɗariƙar Tijjaniyya ta bazu a Sabo a farkon shekarun 1950 ta ƙara ɗaure jama'ar wuri ɗaya. Nan ne al'ada ta shigo: addini, harshe da sutura su ke nuna wa za a amince da shi.

Almajirin_Zawiya:
A nan fa ban yarda ba. Mutane sun shiga ɗariƙa don neman Allah, Bature ya zo ya ce don kare cinikin goro ne. Wannan shi ne aibin fannin nan, komai sai an mayar da shi lissafin duniya.

Malama_Rabi:
Allah ya gafarta Malam, ba a ce niyyarsu ke nan ba. Mutum zai je masallaci don Allah, amma wanda kuke sahu ɗaya da shi sau biyar a rana ba za ka ci amanarsa cikin sauƙi ba. Niyya daban, abin da ya biyo baya daban.

Almajirin_Zawiya:
Malama, na ji, amma ban gamsu ba. Wanda ya ƙirga sahu bai ga abin da ke zuci ba.

Kawu_Sale:
Duk sunayen da kuke jerowa na Turawa ne. Namu fa? Ko mu sai dai a yi nazarinmu?

Tsohon_Dalibin_BUK:
Akwai, Kawu. Marigayi Dakta Ibrahim Tahir, Talban Bauchi, a Cambridge ya yi digirin digirgir a shekarun 1970, kundinsa kuma kan Kano ne: malamai, sufaye da attajirai daga 1904 zuwa 1974, yadda ilimi da ɗariƙa da dukiya suka sarƙu. Ya koyar da ilimin zamantakewa a Jami'ar Ahmadu Bello, daga nan siyasa ta ja shi zamanin jam'iyyar NPN. Ya rasu a 2009. Yawancin mutane ɗan siyasa suka sani, ba malamin ba. Irin kundayen nan da yawa suna nan a ɗakunan karatu na jami'o'inmu, ƙura ta rufe su, ba a buga ba balle a juya su zuwa Hausa.

Manomi_Birniwa:
Wannan ita ce damuwata. Mu a nan mun saba ganin masu takarda. Dagaceri a ƙasarmu take, can Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi ta komawa shekara da shekaru tun farin 1973, yana duba yadda mutane ke tsira, wa ya tafi ci-rani, wa ya sayar da dabba, wa ya ciyar da wa. Shi dai an shaide shi da dawowa. Amma na baya-bayan nan? Wasu sun zo mana, muka bar aiki muka zauna da su, muka yanka musu kaza. Suka ce za su dawo da sakamako. Har yau. Sunayenmu da sirrin bashinmu suna cikin kwamfutar wani, shi ya samu ƙarin girma, mu ko kwafi.

Bala_Mai_POS:
Shi ya sa in suka zo mu ma muke shirga musu. In ka ji an ce daga gwamnati, kowa talaka ne, ba shi da kowa sai Allah, ko tallafi zai biyo baya. In aka ji ƙishin-ƙishin haraji ne, mai shanu hamsin zai ce na riƙo ne. Dan_Gujungu, faɗi gaskiya, mutum biyar ɗin da ka lissafa na gaske ne?

Dan_Gujungu:
Huɗu na gaske ne. Na biyar surukina ne, yana zaune a wurin, ya zan yi?

Tsohon_Dalibin_BUK:
Sun san da wannan, shi ya sa suke tambayar ɓangare biyu. In ka ce wane amininka ne, shi kuma da aka je wurinsa bai ambace ka ba, wannan ma sakamako ne. Kuma wanda ya san aikinsa ba ya dogara da zuwa ɗaya. Christopher Udry, shi masanin tattalin arziki ne, ya bi gidaje a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya a 1988 zuwa 1989, yana komawa yana tambayar bashi. Ya tarar kusan duk rance tsakanin waɗanda suka san juna ne, ba rubutu, ba jingina, kuma abin da ake biya yana bin halin da aka shiga. In gonar mai cin bashi ta lalace, a sassauta masa. In mai bayarwa ne masifa ta faɗa wa, wanda ya ci ya yi ƙoƙarin biya da ƙari. Duk mai son kawo bankin manoma ƙauye bai san wannan ba, zai sha mamakin abin da zai tarar ranar karɓa.

Manomi_Birniwa kuwa gaskiyarsa. Ƙa'ida ce a ɓoye suna, a nemi izini, kuma ya kamata a dawo a karanta wa mutane abin da aka samu da harshensu. Ku gaya wa dagaci ya sa wannan sharaɗi tun kafin su buɗe jaka.

Dan_Gujungu:
Na ƙaru, amma ku dawo kan ƙanena. Baba ba Harvard ta dame shi ba, cewa yake me yaron zai ci?

Lakcara_Dutse:
Bari in amsa wannan tunda a ciki nake. In koyarwa yake so, hanyar doguwa ce. Sai ya fita da sakamako mai kyau sosai, ya yi bautar ƙasa, ya yi digiri na biyu, ya yi na uku. Matakan aiki kuma daga mataimakin malami ne, zuwa malami mai daraja ta biyu, ta ɗaya, babban malami, mataimakin farfesa, sannan farfesa. Ba a hawa da daɗewa kaɗai, sai da rubuce-rubucen da aka buga, a manyan matakan kuma sai an aika su wasu jami'o'i an tantance. Ka haɗa da yajin aiki, na 2022 wata takwas ya ci, ka haɗa da albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Kuɗin bincike in ba ka dace da TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ko wata ƙungiyar waje ba, daga aljihunka ne. Wanda kuka gani a garinku da furfura, ya sha wuya kafin ya kai nan. In ba koyarwa ba, akwai ƙungiyoyin lafiya da na raya karkara, hukumar ƙidaya, gidajen gyaran hali, jin daɗin jama'a. Shawarata ɗaya: kada ya gudu daga lissafi. Wanda ya iya tattara bayanai, ya iya sarrafa su a kwamfuta, kuma yana jin Hausar ƙauye, ana nemansa. Wanda ya haddace sunayen Turawa kawai don jarrabawa, zai dawo gida da kwali.

Injiniya_Babu_Aiki:
Ni da na karanta abin da iyaye ke so ma ga ni nan. A bar yaro ya yi abin da ransa ke so, wahalar ɗaya ce.

Kawu_Sale:
Ni dai ina tare da mahaifinku. Ga aikin jinya, ga koyarwa a firamare, abin da za a gani a hannu. Garin da ba likita ba ya buƙatar mai ƙirga abokai.

Malama_Rabi:
Kawu, da girmanka, lokacin da aka ƙi rigakafin shan inna a Kano a 2003, likitoci da allura ai suna nan. Abin da aka rasa shi ne sanin bakin wa mutane ke ji. Sai da aka koma ta kan sarakuna, malamai da masu unguwanni.

Kawu_Sale:
To ai wannan ko ni da an tambaye ni da na faɗa musu kyauta.

Auwalu_Direba:
Ni abin da nake so farfesan ya duba shi ne gayya. Da muna yara, mutum ashirin za su taru a gonar mutum ɗaya, fura da tuwo ne ladan. Yanzu ko ƙanenka ka kira sai ya ce nawa ne wunin. Waya ta ƙara mana mutanen nesa, na kusa kuma sai da kuɗi.

Manomi_Birniwa:
A wajenmu ba ta mutu ba, ta koma gonar liman da ta surukai ne kawai.

Hajiya_Uwar_Adashi:
Gayyar maza ce ta mutu. Tamu tana nan, ta ma ƙaru, yanzu har wadda aka kai aure Legas tana turo zubinta ta waya, Bala shaida ne, a wurinsa nake cirewa. Dan_Gujungu, ka tambayar min yarinyar nan da ta shiga wurin Ummanku, a takardar tasu akwai layin adashi da biki, ko dubu ashirin ɗin maza kawai aka rubuta? In babu, ta zo ta same ni ranar Laraba bayan la'asar, ranar ake kwasa.